Harshen da Ba Ya Son Ruwa

Ranar da likita ya ce kada in ƙara hura komai, ko da balan-balan ɗin yara ne, ban gaya masa ina da algaita a gida ba. Wa zai faɗi haka a asibitin Makka? Na karɓi takardar magani, na yi godiya, na gangaro matattakala ina hutawa a kowane hawa. Shekara talatin da biyar ina tuƙa tasi cikin hayaƙin hanyoyin da aka fafe a duwatsun garin nan, ga taba da na sha har ta ishe ni. Huhu kuwa ba ƙarfe ba ne. Ba na zargin kowa.

Sunana Tijjani. A unguwar Hindawiyya ta nan Makka aka haife ni, a nan kuma na tsufa, cikin ɗakuna biyu da suka yi mini yawa tun rasuwar matata Safiyatu. 'Yarmu guda ce, Maha, tana aure a Jidda. Kullum sai ta kira ni, Allah ya yi mata albarka, amma waya ba ta cika ɗaki. Kaɗaici ya dame ni a shekarun nan, ba na ɓoyewa.

Algaitar ta mahaifinmu ce. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Daura tare da ayarin mahajjata, suka yi shekara shida a hanya, in guzuri ya ƙare su tsaya a Sudan su yi aikin auduga, sannan su ƙara gaba. Aikinsa a ayarin shi ne tayar da mutane bayan asuba da wata busa guda, wadda muke kira Tashin Ayari. Da ya iso Makka ya ce ya tuba da busa, ya naɗe algaitar a tsohon rawani. Amma sau ɗaya a shekara, idan alhazai sun watse gari ya yi shiru, sai ya rufe ƙofa, ya tsoma ɗan harshen karan algaitar a finjalin ruwa ya yi laushi, ya busa mana ita. Ita kaɗai ya koya mini, ni ma a bayan ƙofa na riƙa yin ta bayan ransa. Ko Maha ba ta taɓa ji ba. Sai na tura ta gidan ƙawaye nake ɗaukowa, don kada ta je makaranta ta ce ubanta mabushi ne.

Mu biyu kaɗai muka rage da muka san busar: ni da yayata Ramlatu, wadda ta taka hanyar nan da ƙafarta tana yarinya. A shekarar da nake ba da labari tana kwance a gidan ɗanta a unguwar Rusaifa, zuciya ta gaji, ƙafafu sun kumbura. Duk Juma'a bayan la'asar nake zuwa gaishe ta.

“Tijjani,” ta ce da ni wata Juma'a, “ina so in ji busar Baba kafin a kira ni.”

“Yaya, ai kin san likita ya hana ni.”

“Likita ya hana ka taba ma shekara ashirin, ka ji?”

Da na koma gida na gwada. Ban kai ƙarshen layin farko ba tari ya kayar da ni a kan tabarma. Matsalar ita ce, Tashin Ayari ba ta tsayawa shan iska. Mai algaita yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci, sauti na tafiya ba yankewa daga farko har ƙarshe. In ta yanke sau ɗaya, ba ita ba ce. Ni kuwa a lokacin ko gaisuwa mai tsawo sai na raba ta biyu.

Bayan kwana biyu ina lalube a waya, ina neman masu algaita na gida ko zan ji mai kama da ita, sai wayar ta kawo mini wani dattijon Bature zaune a kicin, da wani abin busa a cinya. Sauti na fitowa siriri mai kaifi, ba yankewa, ɗan'uwan algaita sak. Na duba bakinsa. A rufe yake! Har ya juya ya yi wa wani magana, busa ba ta tsaya ba. Da gwiwar hannu yake ba ta iska. Na kalli hoton nan ya fi sau arba'in kafin na tura wa Maha.

“Baba, wannan na mutanen ƙasar Ailan ne, can Turai,” in ji ta. Hausarta rabi Larabci ce, kamar ta duk yaranmu na nan. “Akwai ƙarami na mubtadi'in, ya'ni masu koyo. Amma wallah, me za ka yi da shi?”

“Motsa hannu. Likita ya ce in riƙa motsa jiki.”

Ta yi dariya, ta nemo wani mai ƙerawa a can, ta rubuta masa. Bayan wata uku akwati ya iso gidanta, na je Jidda na ɗauko shi a bayan tsohuwar motata.

Abu uku ne a ciki. Ɗan zugazugi irin na maƙera da ake ɗaurawa a gwiwar hannun dama, jakar fata da ake matsewa a hammatar hagu, da baƙar sanda mai huji takwas wadda ake kafa gindinta a cinya. A cikin kan sandar akwai harshe na kara, siriri, fuska biyu a haɗe. Da na gan shi sai da na yi murmushi, don na san danginsa. Sai littafin koyo na Turanci da faifai a bayansa, da wata jar takarda ƙarama. Na ɗauki hoton kowane shafi na littafin na tura wa Maha, ita kuma tana fassara mini da saƙon murya. Jar takardar na ɗauka rasit ce, na jefa ta a aljihun akwatin.

Darasi na ɗaya, in ji littafin: kada ka yi kiɗa. Ka riƙe murya ɗaya tak, ta miƙe ba rawa, har sai hannunka ya daina tunani. Na ce wannan ai raini ne ga ɗan mai algaita. To, na sha mamaki. Dama na zuga, hagu na matsa, yatsu na toshe huji, ba da kan yatsa ba, da cikinsa. In na tuna ɗaya sai in manta biyu. Koyon kuloci da giya a hawan dutse bai ba ni wuya haka ba. Abin da ke fitowa kuma kamar akuyar da ƙofa ta datse wa wutsiya. A samana ɗaliban ilimi ne daga Najeriya, mutanen kirki masu kunya. Ɗayansu ya tare ni a bakin masallaci, ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko ina kiwo a ɗaki.

Daga ranar na koma fita da kayan wajen gari. Da hantsi nake kama hanyar Arfa. Wanda ya san Arfa ranar tsayuwa kawai bai san ta ba. Sauran shekara fili ne fetal, layin bishiyoyin darbejiya, famfuna a rufe, tituna masu faɗi ba ko kare. Ban taɓa ƙetare allon iyaka da kayan busa ba, ina da kunyata. Can gefe nake tsayawa, in tura kujerar direba baya, in jingina littafin a sitiyari. Hotunan da ke ciki su suka cece ni: layin da'irori takwas, baƙa tana nufin rufe, fara tana nufin buɗe. Wannan kam ba ya buƙatar Turanci. In na maƙale sai in koma wa dattijon kicin a waya. Yana da darussa goma sha biyu na masu farawa, yana magana a hankali, ba na jin ko kalma ɗaya, amma ina ganin yatsunsa. Na saba da shi har nakan ce masa sannu da aiki. Bai san ina duniya ba, kuma ko ya sani, garinmu ba garin da zai iya shigowa ba ne.

Wata biyar na yi a haka. Sannu ba ta hana zuwa. Kiɗe-kiɗensu da ke cikin littafin ban ko leƙa ba, ba su na zo nema ba. Na bi hujin sandar ɗaya bayan ɗaya na tsinto muryoyi biyar na Baba, na jera su, na ɗinke. Wata safiya a farkon bazara, Tashin Ayari ta fito daga farko har ƙarshe ba ta yanke ba, bakina a rufe. Na zauna a motar na yi kuka sosai, ba kowa sai ni da darbejiya.

Na kira Yaya Ramlatu na ce, “Juma'a mai zuwa.”

“Allah ya kai mu,” ta ce. “Zan sa a wanke mini kunne.”

A makon ne zafi ya sauko irin na Makka, wanda in ka taɓa ƙofar mota sai ka ambaci Allah. Na daina fita, na kunna na'urar sanyi dare da rana, akwatin na nan ƙarƙashinta. Ran Laraba da ɗaliban suka tafi jami'a na ɗauko don in maimaita. Murya ta shaƙe. Na matsa jaka da ƙarfi, sai ƙara mai tsaga kunne, sannan shiru. Na zare kan sandar na duba harshen. Ya bushe ƙamas.

To, wannan ai ba abin tambayar Bature ba ne. Na buɗi ido na ga yadda ake yi wa busasshen harshe. Na ɗauko finjalin Baba, wanda har yau yana nan, na zuba masa zamzam daga jarkar da ke kicin, na tsoma harshen, na bar shi ya sha na tsawon shan shayi. Na ciro na sa a baki na tsotse, kamar yadda Baba yake yi. Har ina jin daɗin kaina, ina cewa abin da babba ya sani littafi bai sani ba.

Ya yi magana kuwa, da wata murya mai kauri kamar ta mai mura. Na ce gobe zai daidaita. Ran Alhamis na ƙara masa ruwa. Ran Juma'a da safe na buɗe, na tarar fuskokin nan biyu sun wage baki, sun karkace, ɗaya ta tsage daga sama har ƙasa. Na zuga, na matsa. Iska kawai.

Na zazzage akwatin ina neman ko akwai wani harshen, sai jar takardar ta faɗo. Na ɗauki hotonta da na harshen na tura wa Maha. Ba ta yi saƙon murya ba, kira ta yi.

“Baba, ka sa shi a ruwa?”

“Zamzam ne.”

“Ko zamzam ne! An rubuta a nan da manyan haruffa: kada ruwa ya taɓa shi abadan, kada ka sa shi a baki. Wai shi da busasshiyar iska yake aiki. In garinku ba danshi, ka kashe mukayyif, ya'ni na'urar sanyi, ka rataya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin, halas. Me ya sa ba ka turo mini wannan ba tun farko?”

Garin gyaran gira na rasa ido. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba jahilci ne ya kashe harshen ba, abin da na gada ne. Da ban san komai game da kara ba, da na tambaya.

Maha ta rubuta wa mai ƙerawar a take. Ya amsa da cewa da hannu yake fere kowane harshe, akwai mutane a gabana, amma zai yi ƙoƙari ya turo guda biyu cikin mako shida. Ya ce in yi haƙuri, kowane mai koyo sai ya kashe harshe ɗaya. Mutumin kirki. Bai san mako shida a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Da la'asar na tafi Rusaifa da akwatin, don na rasa yadda zan je hannu rabbana. Na tarar an tayar da ita zaune, an jera mata matasai, ta sa an ɗaura mata sabon kallabi. Ganin kallabin nan ya fi komai yi mini ciwo. Na gaya mata gaskiya tun kafin in zauna.

Ta dube ni, ta dubi akwatin. “Wata biyar kana zuga. To in ba ƙira, me ya ci gawayi?”

“Ni na ci shi, Yaya.”

“A finjalin Baba ka ce?”

“A shi.”

Sai ta fashe da dariya, har sai da surukarta ta leƙo. Ta yi dariya ta yi tari, ta share ido da gefen mayafi. “Ɗan Baba ke nan. Ko agogo aka ba ku sai kun jiƙa. Ɗaura kayan in gani.”

“Ba ya magana fa.”

“Na ce ya yi magana? Ɗaura.”

Na ɗaura zugazugi, na sa jaka a hammata, na kafa sanda a cinya. Ta ce in matso kusa da taga inda take gani. Sannan ta rufe baki ta fara rera Tashin Ayari ta hanci, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana haki tana ci gaba. Ni kuma ina bin ta da yatsu. Ba abin da ke fita daga sandar sai huci. Tsofaffi biyu marasa numfashi, ɗaya na gunji ɗaya na zuga iska, da wani ya shigo da ya ce a kira mana likita.

A juyi na uku ta ɗaga hannu. “Tsaya. Me ka yi da yatsan nan?”

“Na ɗaga shi.”

“Baba ba ya ɗaga shi. Zamewa yake yi da shi gefe, a hankali, rabin hujin kawai, kamar mai leƙe ta labule. A nan ne muryar take kuka. Kai ka mai da ita ta soja.”

“Yaya, shekara hamsin haka nake yi.”

“Shekara hamsin kana kuskure, na ƙyale ka don kada ka yi fushi. Ni a gabansa nake zama a hanya, kan buhun gero, ina kallon yatsunsa. Kai lokacin ko cikinka ba a yi ba. Sake.”

Na sake. Ta ce ya yi sauri. Na sake. Sai da muka yi sau tara kafin ta jingina da matashi ta lumshe ido.

“Yanzu yatsun sun yi. Saura in ji.”

“Mako shida, in sha Allahu.”

“Allah ya nuna mana,” ta ce, amma ba ta dube ni ba.

Juma'a biyu na ƙara samunta tana magana. Ta uku ba ta gane ni ba. Ran Talata aka yi mata salla a Harami bayan azahar, muka kai ta. Na dawo ɗakina na zauna, na rasa wanda zan kira in ce masa Yaya ta rasu wanda zai san abin da na rasa.

Harsunan suka iso bayan kwana goma sha tara, cikin ɗan kwalin da bai kai na ashana biyu ba, an naɗe su da auduga. Mako guda ban taɓa su ba. Sai wata safiya na kashe na'urar sanyi, na jiƙa tawul uku na rataya a ƙofa da taga, na jira ɗakin ya yi danshi har zufa ta jiƙa mini riga. Na sa harshe a sanda da busassun yatsu. Ban damu da ko ɗaliban suna nan ko ba sa nan ba. Na jingina waya a finjalin Baba na danna ɗaukar sauti.

Ta fito. Tun daga farko ta miƙe, ba rawa ba yankewa. Da na zo juyi na uku na zame yatsan gefe a hankali, sai muryar ta karye ta yi wani irin kuka da rabon da in ji shi tun ina ɗan shekara goma sha biyu, a bayan rufaffiyar ƙofa. Ashe Yaya ta yi gaskiya. Ko kuma ni ne nake so ta zama ta yi gaskiya, wa ya sani? Na kai ƙarshe, na saki jakar, na ɗaga kai wajen taga kamar akwai mai cewa ya yi ko bai yi ba. Tawul ne kawai yana ɗiga.

Na tura wa Maha. Ba a jima ba saƙonta ya shigo, da muryarta mai daɗi, ana jin hayaniyar yara a bayanta.

“Mashallah, Baba! Wallah kamar Baturen nan sak. Ka iya kiɗan Ailan! A wace safha yake a littafin?”

Na saurara sau biyu. Ban ji haushinta ba. Ina za ta sani, bayan ni ne na riƙa tura ta gidan ƙawaye? Na danna zan yi mata bayani, na fara, “Ba na Ailan ba ne, na kakanki ne, ya taso daga…” sai tari ya ƙwace sauran. Na goge saƙon.

A bayan littafin koyon akwai fararen shafuka huɗu. Na ɗauko biro, na zana layin da'irori takwas irin nasu, na cike na rufewa da baƙi, na bar na buɗewa fari. Na yi na biyu, na yi na uku, murya bayan murya, har azahar ta yi ban sani ba. A sama na rubuta da Larabci, yadda za ta iya karantawa: Darasi na ɗaya, Tashin Ayari, busar kakanki. Da na iso juyi na uku na tsaya, na bi littafin shafi-shafi ina neman alamar zame yatsa, ban samu ba. Sai na zana da'ira na cike rabinta, na rubuta a gefe: kamar mai leƙe ta labule, in ji gwaggonki Ramlatu.

Rabin nan ko ya cika yawa ko ya yi kaɗan, ban sani ba. Na ɗauki waya zan tambaya, har na nemo lambar Rusaifa, sannan na ajiye.